Zaren Ulu

Ƙarfe biyu da kwata na dare waya ta yi ƙara.
Muryar Ximena daga ofis, barci bai gama sakinta ba:
"Layin arewa na numfashi sama-sama, Eleuterio.
Bai mutu ba, bai kuma yi rai ba."

Na bar Punta Arenas da shayi a gora,
iska na dukan motar kamar mai bin bashi.
Tumaki kwance a gefen titi,
idanunsu su kama fitilata, su maido mini.
Har su sun iya aikin: ka karɓi haske, ka mayar.

Ɗakin na can inda shingen waya ya ƙare,
kwano da siminti, babu taga,
ƙofar sai an sa mata kafaɗa.
A ciki fankoki na gunaguni,
akwatin rarraba saƙo ya jera baki arba'in da takwas,
kowanne da koriyar fitilarsa,
ban da ɗaya, mai ƙyafta ido ruwan ɗorawa.

Na zare shi.
Ɗan ƙarfe ne, bai fi yatsana ba,
da ɗumi irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu.
Baki biyu gare shi, ɗaya na faɗa, ɗaya na ji.
Abin da ya faɗa yakan ci kilomita tamanin
cikin zaren gilashin da ya fi gashi siranta,
ƙarƙashin ƙanƙara, ƙarƙashin kofato,
ba ya tsayawa shan ruwa
sai ya iske ɗan'uwansa a wani ɗaki irin wannan.
Ba su taɓa haɗuwa ba. Hirarsu ba ta yankewa.

Ba a leƙa bakinsa, haka aka koya mana tun ranar farko.
Haskensa ba ya ganuwa, amma yana cin ido.
Shekara goma sha tara ke nan
ina kiwon abin da ban taɓa gani ba.

Na zargi masu haƙa ramin gefen hanya.
Na zargi ɓera.
Na zargi hannun da ya ƙera shi a wata ƙasa mai zafi.
Na ɓare sabo daga leda, na cusa,
fitilar ta ci gaba da yi mini ƙyafce.
Sai na ɗauko madubin ƙara girma,
na kashe hasken, na duba kan zaren.

Ga shi nan kwance, ya gitta tsakiya,
kamar itacen da ya faɗi ya tare hanya:
silin ulu ɗaya. Ja.

Na sunkuya na dubi ƙirjina.
Rigar sanyin da Herminia, uwata, ta saƙa mini
shekarar ƙarshe kafin yatsunta su ƙi ta.
Ni na zo nan ranar Talata.
Ni na buɗe, ni na rufe, ina sauri, ina yunwa.

Gari guda ya kwana yana in'ina
saboda tsohuwa ba ta so ɗanta ya ji sanyi.

Na goge sau ɗaya. Na sake gogewa.
Na mayar, ya ce ƙyas.
Kore.

Waya ta sake ƙara.
"Ya dawo. Asibitin Natales na tura hotunan da suka maƙale,
ƙirjin wani yaro, ƙugun wani dattijo.
Me ka samu?"

Na ce, "Datti."
Ta ce, "Haka zan rubuta?"
Na ce ta rubuta.

Tsohon ɗan ƙarfen, da ba shi da laifi,
na sa shi aljihu, ɗuminsa bai gama fita ba.
Silin kuwa na neme shi a jikin auduga, ban gani ba.
Shayi ya huce.
Na sha a haka, a tsaye, ƙofa a buɗe,
na ja zif ɗin babbar riga har wuya.